PLC na amsa ping amma HMI ta ƙi ganinta, ina matsalar take?

Ɗan Sharada:
Salam manyanmu, don Allah a agaza min. Muna haɗa injin cika robar ruwa a wata masana'anta nan Sharada, PLC ɗin (kwamfutar da ke sarrafa injin) Siemens S7-1200 ce, HMI kuma (allon da ofareta ke dannawa) Weintek, duka na jona su a suwic ɗaya na netwok. Na ba PLC 192.168.0.1, HMI 192.168.0.2, laftof ɗina 192.168.0.10. In na buga ping (umarnin gwada ko na'ura na amsawa a netwok) daga laftof duka biyun suna amsawa lafiya lau, amma allon HMI sai PLC No Response yake ta nuna min, lambobi ko motsi ba sa yi. Ga mai gida ya tasa ni gaba wai motar kaya na jira, kaina ya ɗau zafi wlh.

Baba Lantarki:
Wa alaikumus salam ɗana. Ping ba abin da yake gaya maka sai cewa waya na da rai kuma adireshin IP ya amsa, bai san komai ba game da ko PLC ta yarda a karanta bayananta. S7 tana magana ne ta ƙofa 102 (wato port 102), to ƙofar za ka gwada. Buɗe PowerShell ka rubuta Test-NetConnection 192.168.0.1 -Port 102, in ka ga TcpTestSucceeded True ƙofa a buɗe take. Daga nan ka shiga TIA Portal (manhajar shirya PLC ta Siemens) ɓangaren Protection na CPU ɗin ka duba PUT/GET (izinin da ke barin wata na'ura ta karanta ta kuma rubuta bayanai a PLC), domin daga fanwaya (firmware) 4 zuwa sama a kashe yake zuwa, kuma in direban sadarwa da ka zaɓa a EasyBuilder Pro (manhajar shirya HMI ta Weintek) mai karanta adireshi kai tsaye ne to sai ka kunna shi, sannan ka cire Optimized block access a kan kowane DB (Data Block, ma'ajiyar bayanai a cikin PLC) da HMI za ta taɓa.

Anti Injiniya:
Baba ya yi gaskiya amma ni kafin nan zan tambaya, wa ma ya ce maka PLC ɗin ce ke amsa ping ɗin? 192.168.0.1 fa adireshi ne da rawuta da yawa ke zuwa da shi, in wani ya jona rawutar ofis a suwic ɗin nan ko Wi-Fi ɗin laftof ɗinka na kunne, ita za ta riƙa amsa maka kana ta murna. Kashe Wi-Fi, zare kebul ɗin PLC, ka sake ping. In har yanzu ana amsawa to akwai mai satar adireshi. Ko ka buga arp -a ka gwada MAC ɗin (lambar shaidar na'ura a netwok) da ya fito da wanda aka rubuta a jikin PLC. Ka leƙa sabnet na HMI ma ya zama 255.255.255.0.

Mai Waya:
Ku dai kar a manta da kebul. In an bi da shi kusa da wayoyin inbata (na'urar sarrafa gudun motar injin), bar ping -t yana gudu ka tada motar injin ka ga ko zai fara yankewa. Kuma kar tsawonsa ya wuce mita 100.

Ɗan Sharada:
Allah ya saka da alheri. Anti, na zare kebul ping ya tsaya cak, MAC ma ya yi daidai. Baba ƙofa 102 ta ba da True, PUT/GET ne a kashe, ina kunna shi na tura sai fitilun adireshin M (ma'ajiyar cikin PLC) da Q (awutfut) suka fara aiki a allo. Saura na DB, su har yanzu shiru. In na cire Optimized ɗin ba zai goge min saitin da ke ciki ba?

Baba Lantarki:
Zai goge mana, tsarin DB ɗin ne zai canja, kana turawa komai zai koma lambobin farko. Ɗauki Snapshot (kwafin lambobin da ke cikin DB yanzu) tukuna ka kwafe shi zuwa Start values, wato lambobin farko, ko ka rubuta saitin a takarda, lokacin cikawa da gudun bel da sauransu. Bayan ka yi kompayil za ka ga Offset (lambar adireshi) ya fito gefen kowane tag, waɗannan lambobin za ka sa a HMI. Ka faɗa wa ofareta ya tsayar da injin ya kwashe robobin kan bel kafin ka tura.