Wai me za mu kira "rover" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan tattakau

Jama'a ina neman shawararku. Jiya ina yi wa ƙanena bayanin na'urar nan Perseverance da Amurka ta sauke a duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairun 2021, sai na tsaya cak saboda ban da sunan da zan kira ta da Hausa. Turawa suna ce mata rover. In ka Hausantar da lafazin sai ya koma "roba", to roba kuma kowa ya san ta, bokiti ne ko takalmi ko ta ɗaure kaya a bayan mashin, don haka aro ba zai yi ba sam.

A labarai nakan ji ana cewa kumbo, wani lokaci na'ura, wani lokaci mota. Kumbo ai shi ne abin da ya ɗauko ta ya ratsa sararin samaniya da ita kusan wata bakwai, da ya kai ta aikinsa ya ƙare. Na'ura kuma ta yi faɗi da yawa, injin markaɗe ma na'ura ne.

Mota ce ta fi jan hankalin mutane, kuma na gane dalili, tana da taya shida, girmanta ya kai na ƙaramar mota, nauyinta ya ɗan haura kilo 1,000. Amma ku duba yadda take aiki mana. Mota sai da direba yana kallon hanya yana murza sitiyari, ita kuwa wannan saƙo daga duniyarmu zuwa Mars yakan ɗauki kamar minti 3 har zuwa 22 gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin, kafin ka ga rami a hoto ka aika mata ta taka birki ai ta daɗe da faɗawa. Shi ya sa injiniyoyin JPL, cibiyar da ta ƙera ta a Kalifoniya, suke rubuta mata aikin yini su tura gaba ɗaya, ita kuma ta duba ƙasa da kyamarorinta ta zaɓi inda za ta sa taya. Gudunta in ta ƙure bai wuce kamar mita 150 a awa ba. Wace mota ce wannan?

Kuma tafiyar ba ita ce manufar ba, tsayuwar ce. 'Yar'uwarta Curiosity da ta sauka a kwarin Gale na Mars a watan Agustan 2012 tana da wani ido a saman wuyanta mai harba hasken leza kan dutse daga nisan da ya kai mita 7, wurin ya ƙone ya yi walƙiya, sai ta karanta launukan walƙiyar ta gane sinadaran da ke cikin dutsen ba tare da ta taɓa shi ba. Tana da hannu mai tsawon kusan mita 2 da abin huda dutse, ta ɗebi garinsa ta zuba a cikinta ta gasa ta auna. Duwatsu masu kaifi sun huhhuda mata tayoyin alminiyam, shi ya sa da aka zo ƙera Perseverance aka ƙara wa nata kauri. Ita Perseverance ɗin har makirfo aka sa mata mun ji kaɗawar iskar Mars, kuma akwai wani akwati a jikinta mai suna MOXIE da ya samar da iskar oksijin daga iskar can. Wlh duk lokacin da na tuna mutane ne suka zauna suka ƙera wannan sai tsikar jikina ta tashi, abu irin wannan ya cancanci sunansa na kansa a harshenmu.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ɗan sintiri", amma sintiri na mai gadi ne, kai-komo a wuri ɗaya. Wata 'yar'uwa ta ce "yawatau" tunda asalin kalmar Turancin yawo take nufi, na so shi da farko, sai dai yawo a bakin Bahaushe yana da ƙanshin rashin aikin yi. Malam wani ya ce "rarrafau" saboda sanyin tafiyarta, gaskiya ya yi kusa sosai, amma rarrafe na jariri ne, bai nuna nisan zango ba.

Tattaki fa? Tattaki tafiya ce a ƙasa, a hankali, mai nisa, kuma da niyya, ba wanda yake tattaki a banza. Wata irinta mai suna Opportunity da ta sauka a Mars a Janairun 2004 kwana 90 aka yi mata lissafi, ta yi shekara 14 tana aiki ta ci kilomita 45 kafin guguwar ƙura ta rufe mata hasken ranar da take samun wuta da shi a 2018. In wannan ba tattaki ba ne ban san tattaki ba. Ga kuma tsarin da muke da shi tun kaka da kakanni, mai mantuwa mantau, mai jimiri jimrau, to mai tattaki tattakau.

Na san za a ce ai tattaki da ƙafa ake yi ita kuwa taya gare ta. To Rashawa da suka fara kai irinta duniyar wata a 1970 Lunokhod suka sa mata, ma'anarsa mai tafiya a wata, kuma taya takwas gare ta, ba wanda ya ce sunan bai dace ba.

Daɗinsa kuma yana jawo 'yan'uwansa, kumbon da yake zagaya duniyar daga sama ya zama kewayau, wanda ya sauka ya zauna wuri ɗaya kamar na'urar InSight ta Amurka a Mars ya zama dirau. Ku gwada a baki ku ji: "A watan Mayun 2021 Sin ta sauke tattakau ɗinta Zhurong a Mars, kewayau kuma yana sama yana miƙo saƙonsa gida."

Abin da ya rage min jam'insa ne, ni kunnena ya fi karɓar "tattakau biyu" haka nan ba canji. Malaman Hausa da ke nan, Allah ya gafarta muku, ku gyara min in akwai kuskure a ginin kalmar.