Ƙwayar cutar da magani ba ya ci: me za mu kira ta a rediyo?

Mai Shirin Lafiya, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. Jibi zan ɗauki shiri kan kifin shaguna da teburan kasuwa, albarkacin makon faɗakarwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, 18 zuwa 24 ga Nuwamba. Likitan da na gayyata sai AMR yake ta faɗa. Nufinsa ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da E. koli da ke hawa kifi daga ruwan wanki, wuƙa, katakon yanka ko narkakkiyar ƙanƙara, mutum ya kamu, a ba shi antibayotik ya ƙi ci. Ina neman gajerar kalma wadda masunci a Yawuri zai gane.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Hajiya. "Bijire wa magani". A labarai ma haka ake faɗa.

Anti Nas: Sai dai ki fayyace mai bijirewar. Majinyata kan ce "jikina ya saba da magani", alhali ƙwayar ce ta canza. An sha kafso ba a cika kwanaki ba, ko an zuba wa tarwaɗar kiwo antibayotik irin tetrasaikilin barkatai, raunanan sun mutu, masu ƙarfin sun hayayyafa. A 2019 kaɗai an ƙiyasta wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Ɗan Kabi: Wagga "bijirewa" Hausar ofis ta. Ku ce 'yar tauri. Ɗan tauri wuƙa ba ta cin shi, wagga magani ba ya cin ta. Ko yaro ya gane.

Malamin Hausa: Ta yi daɗin baki, amma wasa ce. Ba a sa ta a littafin makaranta.

Ɗan Kabi: Ranka shi daɗe, littahin da anka rubuta da Hausar Kano? Mu da muka kamun kihi a Matan Fada tun kaka da kakanni, sai an aiko muna suna daga gabas?

Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa ba gadon Kanawa ba ce, Alhaji. Ni kaina Bazamfare ne.

Baƙon Zaure: Shi kansa "antibayotik" ɗin ya dame ni. Me ya hana "maganin kashe ƙwayoyin cuta"?

Anti Nas: Ya haɗa da bairos, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Ruɗanin da ya sa ake shan sa don mura ke nan. Alhaji, tsorona da 'yar taurinka ɗaya: mai sauraro zai ɗauka ko wuta ba ta cin ta. Dahuwa sosai tana kashe ta. Haɗarin yana hannu da wuƙar da suka taɓa ɗanyen kifi, suka koma kan tumatir da latas.

Ɗan Kabi: To a hwaɗi hakan cikin shirin, mi aka jira? Kuma kar a kashe ma masu kihi kasuwa.

Mai Shirin Lafiya: Na gode, iyayena. Zan buɗe da "ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani", in ce wasu na yi musu laƙabi da 'yan tauri, sannan likita ya yi bayanin dahuwa da wanke wuƙa.

Ɗan Kabi: "Wasu"? Ni ɗai na hwa.

Malamin Hausa: Laƙabi dai, ban ce na yarda ta shiga ƙamus ba.