Ma'aikacina ya canza tun rasuwar matarsa, Alhaji ya ce in sallame shi

Manajan Wunti: Assalamu alaikum. Ina kula da wani shagon sarin kayan masarufi a Bauchi. Mai kula da sitonmu ya shekara shida tare da mu, ko ashana ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Tun da matarsa ta rasu wajen haihuwa ya koma wani mutum daban. Yana makara, ya daina cin abinci da mu, lissafi na ƙwace masa, ya ce mini ba ya barci. Alhaji mai shagon ya ce in ba shi takardar gargaɗi, in bai gyaru ba zuwa ƙarshen wata in sallame shi. Zuciyata ta ƙi yarda. Hutu zan nema masa ko asibiti zan kai shi? Kuma ta ina zan ɓullo wa Alhaji?

Baban Walid: Yaran yanzu sai addu'a. A bincika ko ya fara shaye-shaye.

Manajan Wunti: Malam, magidanci ne mai 'ya'ya uku, rashi aka yi masa.

Anti Nas Gombe: Allah ya jiƙanta. Baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, amma idan aka ɗauki watanni babu barci, babu ci, aiki ya gagara, to likita ya kamata ya gan shi, ana iya samun ciwon damuwa a ciki. Ka ja shi gefe inda babu kowa, ka tambaye shi abin da zai sauƙaƙa masa. Wataƙila kai yara makaranta ne ke sa shi makara. Ka haɗa shi da wani a lissafin sito na ɗan lokaci. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko tunanin halaka kansa na zo masa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi yana da sashen ƙwaƙwalwa, mu ma namu na tarayya a Gombe akwai. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun jinya na kwana 12 a shekara da albashinsa, idan da takardar likita.

Maman Hanifa: Don Allah kada ka bari maganar ta fita. Ni ganau ce. Bayan haihuwata ta biyu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, sai in tsaya a gaban allo hawaye na zuba ban san dalili ba. Na je na gaya wa shugabar makarantar a matsayin uwa. Kafin mako ya zagayo, har mai gadi ya san ina shan maganin ƙwaƙwalwa. Iyaye suka fara cewa kada a bar musu yara da mai taɓin hankali. Aka ƙwace ajina aka mai da ni tsaron ƙofa lokacin tashi, sannan aka ce dalibai sun ragu, in zauna a gida za a kira ni. Har yau. Maganin ya yi mini aiki, na warke, amma sunan ya bi ni har gidan biki. Wadda ta tona mini asiri kuwa ita ce ke tsayawa a taro tana cewa malamai 'ya'yanta ne.

Ummu Sadiq: Innalillahi! Yaya, Allah ya saka miki. Ba ki kai ƙara ba?

Maman Hanifa: In kai wa? Ko takardar ɗaukar aiki ba su ba ni ba.

Lauyan Yelwa: Hajiya, akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta hana wariya saboda irin wannan lalura. Manaja, ka nuna wa Alhaji wannan.

Ɗan Muda Lawal: Barista, ka taɓa ganin ɗan kasuwar da aka lallasa da sashe na kaza? Ku samu limamin masallacinsa ko amininsa ya yi masa magana. Ka kuma lissafa masa asarar da zai yi kafin ya sake samun amintacce.

Baban Walid: Ganin likitan nan fa tsada. Ƙanina ya biya dubu ashirin da biyar a asibitin kuɗi.

Anti Nas Gombe: A na gwamnati bai kai ko kusa ba, kati da ganin likita 'yan dubbai ne.

Ummu Sadiq: Anti, maganin fa? Mu dubu goma sha biyu muke kashewa duk wata.

Ɗan Muda Lawal: Maƙwabcina na dubu uku yake saya.

Malam Na Jahun: Duk ba wannan ba. Ya riƙe azkar, a yi masa ruƙiya. Wanda ya yarda da ƙaddara ba ya shiga damuwa.

Anti Nas Gombe: Allah ya gafarta Malam, mai hawan jini ma ya yarda da ƙaddara, kuma yana shan magani. A haɗa duka biyun.

Malam Na Jahun: Ke nas ce, ba likita ba.

Maman Hanifa: Malam, irin wannan maganar ce ta sa na ɓoye nawa har ya yi tsanani.

Ɗan Wikki: In dai damuwa ce, a fara duba mu magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists, kyauta ya kamata a ba mu kati.

Baban Walid: Gaskiya ma wa ke da lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan albashin? An ce mafi ƙaranci dubu 70 tun 2024, ni dubu arba'in nake karɓa, rabi na tafiya a Keke Napep tun da aka cire tallafin mai.

Ummu Sadiq: Kai ana ma biyanka a kan lokaci. Mu sai goma ga wata.

Manajan Wunti: Anti Nas, in na ce masa mu je asibiti ya ƙi fa? Gobe Alhaji zai dawo daga Kano.

Ɗan Muda Lawal: Goma ga wata? Mu wata biyu muke bi.