Dashen ɓargo daga uba ga yaro mai sikila: wa ya taɓa bin wannan hanya?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 yana fama da sikila, an gwada ƙannensa ba a sami wanda ɓargonsa ya dace da nasa ba. Likita ya ce mahaifinsa zai iya ba shi tunda rabi ya dace, amma ina tsoron abin da suke kira GVHD, wato sabon ɓargon ya juya ya yaƙi jikin yaron.

Hajiya Kaka: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki riƙe masa maganin sikila na hydroxyurea da yawan shan ruwa, jikana a haka ya girma.

Abban Zainab: A Indiya aka yi wa 'yata, daga yayanta wanda ya dace sarai. Sikilar ta tafi, amma bayan mun dawo fatarta ta yi ja tana saɓa, gudawa ta ƙi tsayawa, daga baya idanunta suka bushe har tana kuka babu hawaye. A garinmu ban sami inda za a auna yawan tacrolimus, maganin da ake ba ta don daƙile GVHD, a jininta ba, kuma kuɗin da muka kashe ya ninka wanda aka yanka mana.

Malam Nas: Allah ya ba ta lafiya. A dashe daga uba, ana ba da maganin cyclophosphamide a rana ta 3 da ta 4 bayan dashen, don ya kashe ƙwayoyin da ke kai farmakin, hanyar da aka faro a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Binciken da aka buga a Amurka a 2023 ya nuna ta rage GVHD mai tsanani, sai dai a kan manya masu sankarar jini aka yi shi.

Abban Zainab: Malam, kai karantawa ka yi, mu kuwa mun kwana a asibiti.

Ummu Hafsa: Ƙanina bai kashe fiye da abin da aka yanka masa a Indiya ba, kuma tun 2024 ake yin dashen a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas.

Ɗan Kurmi: Ko ba komai, uban zai biya kuɗi kuma ya ba da ɓargo, dangin uwa su kawo fura.

Hajiya Kaka: Ni takardun gwajin jini na bogi ne suke damuna. An yi dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, amma wa yake binciken masu rubuta AA (jinin da ba shi da sikila) ga mai AS (mai ɗauke da ita)?

Maman Sadiƙ: Mu ma AA aka rubuta wa mahaifinsa. Malam Nas, shin maganin da ake bayarwa kafin dashen zai hana yaron haihuwa idan ya girma?