Kappa da fatalwan teku a almarar Jafanawa: yaya ake kuɓuta?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Masana, don Allah a warware mini. Kappa ɗin nan na almarar Jafan, shi ne mai nutsar da jiragen masunta? Kuma me labaran suka ce mutum ya yi idan ya gamu da shi?

Malam_Almara:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba shi ba ne, kappa ɗan kogi ne da tafki. Girmansa bai wuce na yaro ba, da ɓawo irin na kififfiya a baya, da fata tsakanin yatsu. A tsakar kansa akwai ɗan rami mai riƙe ruwa, kuma duk ƙarfinsa a wannan ruwan yake. Yana son kokawar sumo. Idan ya nemi ku kara, ka fara rusuna masa. Ladabi zai sa ya rama, ruwan ya tsiyaye, sai ya zama ba ya iya komai. Inda ake kuskure shi ne a yarda a kama kokawa a bakin ruwa ba gaisuwa, nan take zai ja mutum ciki. Abin da yake nema wai shirikodama ne, wani ƙwallo da aka ce yana cikin duburar ɗan Adam. Har dawakai yake ja. Idan aka kama shi yakan yi alkawarin dainawa, wani lokaci ya koya wa mutanen gari ɗori.

Uwar_Labari:
Malam, a ƙara da kokwamba, abincin da kappa ya fi so. A wasu yankunan akan rubuta sunayen iyali a jikinta a jefa a kogi, don kada ya taɓa su. Wannan son da yake yi mata ne ya sa ake kiran sushi (abincin shinkafa na Jafanawa) mai kokwamba kappamaki. Ƙarfe kuwa, kappa ba ya ƙaunarsa. A garin Tono na lardin Iwate akwai Kappabuchi, wani rafi da aka ce kappa na zama a ciki, bayan wurin bauta na Jokenji, kuma masanin al'adun gargajiya Yanagita Kunio ya wallafa tarin labaran garin a 1910. A ganina amfanin labarin ga iyaye a fili yake: yaron da ke tsoron kappa ba zai je rafi shi kaɗai ba.

Ɗan_Masunta:
Na teku da kake tambaya funayurei ne, fatalwan waɗanda suka nutse. Sukan matso da dare su roƙi ludayi. Ka ba su mai kyau, da shi za su yi ta kwarfar ruwa suna zubawa a jirginka har ya nutse. Don haka aka ce matuƙa kan ajiye ludayin da aka fasa gindinsa, su yi ta ɗiba ba ya riƙe komai. Rusunawa ba ta aiki a nan ko kaɗan. An fi tsoronsu lokacin Obon, bikin tunawa da matattu da yawancin ƙasar ke yi a tsakiyar Agusta, har dattawa kan hana fita teku a kwanakin.