Cikin tagwaye: mabiyiya ɗaya ce ko biyu?

Abin da aka fi nanatawa a wata hira kan cikin tagwaye shi ne, in aka ce miki tagwaye ne, kafin ki tambayi maza ne ko mata, ki fara tambayar mabiyiya nawa ce. In Hassan da Hassana ne, wato namiji da mace, to ƙwai biyu ne, kusan kullum kowa da mabiyiyarsa, hankali ya fi kwanciya. Amma in jinsi ɗaya ne ba a sani ba sai an duba, don masu kama ɗaya da yawansu mabiyiya ɗaya suke rabawa, a nan ne wani lokaci jini ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗayan, wannan ya rame ruwan da yake ciki ya ƙafe, wancan ruwa ya yi masa yawa har zuciyarsa ta wahala.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce don Allah a daina jiran wata biyar don ganin jinsi, sikanin sati 11 zuwa 14 shi ne ke nuna yawan mabiyiya sosai, daga baya mabiyiya biyu kan manne su zama kamar ɗaya. In ɗaya ce, sikanin duk sati biyu tun daga sati 16, ba wasa.

Sai awo, kar a tsallake ko sau ɗaya. Hawan jini ya fi kama mai tagwaye, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, a tafi asibiti a ranar kafin ya kai ga jijjiga. Maganin ƙarin jini kullum. Haihuwa kuma a asibitin da ke da tiyata da jini a ajiye, ba a gida ba.