Yaya zan sa ɗalibaina su so kimiyya alhali ba mu da kayan gwaji?

Sabon Malami ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da kemistiri a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke karkara, kuma wannan ce shekarata ta biyu a bakin aiki. Ɗakin da aka gina domin gwaje-gwaje ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, kayan aiki kuwa sai jarrabawar WAEC ta ƙarato ake aro su daga wata makaranta, a nuna wa yara sau ɗaya ko sau biyu, a mayar. Saboda haka ɗalibaina hadda kawai suke yi, suna iya karanto ma'anar asid tiryan-tiryan da Turanci, amma ba su san cewa shi ne ke sa lemon tsami tsami ba. Da na tambaye su abin da suke son zama, kusan kowa ya ce likita. Ina neman shawarar magabata a kan yadda zan sa su ƙaunaci darasin, su kuma san cewa kimiyya ta fi asibiti faɗi.

Malama Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka damu da wannan. Shawarata ita ce kada ka zauna jiran kaya, domin rabin abin da kake bukata yana kasuwar garinku. Ka jiƙa zoɓo zalla, ba tare da citta ko sukari ba, ka raba ruwan a kofuna uku. Ka matsa lemon tsami a na farko, za ka ga jan ya ƙara haske. Ka zuba ruwan kanwa ko ruwan toka a na biyu, zai rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Na uku ka bar shi domin kwatance. Wannan shi ne aikin da takardar litmos take yi, kuma yaron da ya zuba da hannunsa ba zai sake rikita asid da kishiyarsa ba.

Haka marina take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ƙyalle yake fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Darasin haɗuwar sinadari da iskar oksijin ke nan, wanda muke wahalar da yara da shi a allo. Ka kuma ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Dutse, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan yana tsotsewa yana tafiya da zafi, kayan miya suna daɗewa ba su lalace ba. Wannan dabara ta sa ya sami kyautar Rolex a 2000, alhali tushenta ilimin randa ne da kowace uwa ta sani.

Abu na ƙarshe, kada ka ji kunyar yin bayani da Hausa kafin ka kawo kalmar Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci, ya nuna cewa harshen uwa ba ya tauye yaro a kimiyya.

Tsohon Ɗalibin Dawaki ya amsa:

Na yarda da Malama, amma da sharaɗi. Zoɓo zai buɗe wa yaro ido, sai dai ba zai koya masa riƙe bututun awo ko karanta ma'auni daidai ba, kuma a kan waɗannan ake ba da maki ranar jarrabawa. Ina tsoron kada mu saba da dabarun maleji har hukuma ta ɗauka cewa an gama da ita. Lokacin da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta kafa musu hukuma ta musamman, ta zaɓi ɗalibai ta hanyar jarrabawa, ta zuba malamai da kaya, shi ya sa likitoci da injiniyoyi masu yawa suka fito daga can. Malam, ka rubuta jerin kayan da ba makawa sai da su tare da farashinsu, ka kai wa ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai, domin mutane sun fi sakin hannu idan sun ga takamaiman abin da za a saya.

Ma'aikacin Gona ya amsa:

Ni batun likitanci ne ya tsaya mini. Yaro ba ya sha'awar aikin da bai taɓa ganin mai yin sa ba, kuma a ƙauye likita kaɗai ake gani da farar riga. Idan maki bai kai ba a JAMB, sai ya ɗauka karatunsa ya tashi a banza. Ka tambaye su daga ina irin wake da gyaɗa da dawa da iyayensu ke shukawa ya fito. Da yawa daga cikin irin nan, masu bincike ne suka inganta su a cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, kamar yadda cibiyar Shika ta samar da kazar Shika Brown. Sau ɗaya a zango, ka gayyato malamin gona ko mai gwajin jini ko mai haɗa wutar sola, musamman mace idan an samu, saboda iyayen 'yan mata sun fi gamsuwa da abin da suka gani.

Sabon Malami ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada zoɓon ranar Talata, har wata ɗaliba ta tambaya ko tsamiya ma za ta yi aikin lemon, na ce ta kawo mu gani. Jerin kayan kuma na miƙa wa shugaban makaranta, ya ce zai gabatar a taron iyaye mai zuwa.